Ranar da Aka Gasa Fitilun Motar Baba

Mijin yayata katifa yake sayarwa. A iya sanina ita kaɗai ce abin da ya taɓa sa wa hannu bai lalace ba, shi ma don katifa ba ta da noti ne. Amma in ka zauna da shi na ɗan lokaci sai ka rantse shi ya koya wa masu ƙera jirgin sama aiki. Famfo ya lalace, fanka ta tsaya, ƙofa ta ƙi rufuwa, amsarsa ɗaya ce: "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Da haka mutanen layinmu suka raɗa masa suna Ƙaramin-Aiki. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, yana amsawa har da ɗaga hannu. Famfon kicin ɗin Yaya tun ranar da ya gyara shi sai an buɗe na banɗaki yake kawo ruwa.

Ni ce autar gidanmu. A gidan Yaya nake zaune saboda ya fi kusa da wurin aikina, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Babanmu yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, wadda yake ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu daga cikinmu. Fitilunta na gaba da man goge baki yake wanke su, ya bi da tsohuwar singileti har sai ya ga fuskarsa a ciki. Da yanar ido ta rufe masa gani tuƙi ya gagara, sai ya kira surukin nasa ya miƙa masa makulli a gabanmu.

"Riƙe min amana," in ji Baba. "Za a yi min aiki a idon nan. In na warke, in karɓi abata. In kuma Allah bai nufa ba, ta zama taka, ka riƙa kai ni inda zan je."

Mijin Yaya ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Da muka ce Allah ya sa a yi aikin a sa'a, na lura amin ɗinsa a ƙasan maƙoshi ta maƙale.

Washegarin ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, ya same ni a falo yana washe baki da waya a hannu.

"Auta, zo ki ga abin da ake kira mota."

Bidiyo ne na wani mutum mai safar hannu yana magana da yaren da ba wanda ke ji a cikinmu. Ya ciro fitilun gaban mota, ya buɗe su, ya fesa wa cikinsu baƙin fenti, ya mayar. Motar ta fito tana hararar jama'a.

"Kin gani? Ita motar Baba fuskar bayin Allah gare ta. Ko mai keke ba ya kauce mata a hanya. In na baƙanta mata ido, daga nesa za a san akwai mai shigowa."

"Baba ya sani?"

"Baban da aka naɗe wa ido? Kafin a kwance masa na gama. Albarka kawai zai sa min."

"To me ya sa kake tsallake tsakiyar bidiyon?"

"Surutu ne. Liƙe-liƙen salatef yake ta yi yana ƙarar wa mutane data. Ni na riga na gane kan abin."

Da safe, Yaya na fita kai wa Baba abinci, ya sako wandon motsa jiki ya ɗaura tawul a wuya, ya baje sifanoni a ƙofar gida inda kowa zai gani. Da gangan ya yi, don shagon Mai Aski yana kallon gidanmu, kuma bencin shagon ba ya rabo da marasa aikin yi. Ashe fitilun ba sa fita sai an sauke bamba. Ya kwance notin da ya gani, wanda bai gani ba ya fizge shi da ƙarfi. Duk ƙarar da ta ce ɓas, sai ya ɗago ya dubi benci ya ce, "Haka ake so."

"Ƙaramin-Aiki," Mai Aski ya ƙwala daga tsallake, almakashi a hannu, "motar ce ta yi maka laifi?"

"Kai dai ji da ƙeyar mutane. Anjima za ka zo kana roƙo a ɗauke ka hoto da ita."

Ya rungumi fitila ɗaya ya nufi kicin. Na bi shi, sai na tarar ya kunna obin ɗin Yaya, wanda da shi take gasa kek ɗin da take sayarwa, wanda ko ni ba a yarda in taɓa maɓallinsa ba.

"Mijin Yaya, me za ka yi?"

"Danƙon da ya riƙe murfin gilashin sai ya ji ɗumi yake saki. Kimiyya ce, Auta, ba fanninki ba ne."

Ya tura fitilar ciki, ya rufe, ya murɗa wuta zuwa ƙarshe don a yi sauri. Sannan ya koma ƙofar gida yi wa 'yan benci bayanin yadda zafi ke buɗe ƙwayoyin roba. Bayani ya yi daɗi, ya zarce zuwa injin jirgin ruwa. Sai da hayaƙi ya fara leƙowa ta tagar kicin wani tsoho da ake yi wa aski ya ce, "Malam, kimiyyarka tana ƙonewa."

Ya shiga a guje ya ciro ta da tawul ɗin wuyansa yana yarfa hannu. Kunnen fitilar ɗaya ya narke, kusurwarta ta sama ta langaɓe kamar idon wanda barci ya kama. Ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai.

"Kin ga hararar ta fara fitowa da kanta."

Ta biyu bai bari ta ji zafi sosai ba, don haka ta ƙi buɗuwa. Ya sa mata wuƙar yanka kek ɗin Yaya ya ɓanɓare ta, wuƙar ta lanƙwashe. A haka Yaya ta shigo da kwandon abinci, ta tsaya cak a bakin kicin tana shinshina iska.

"Baban yara, mene ne yake ƙauri?"

"Aiki ne."

"A obin ɗina?"

"Aro na yi, kuma har faranti na sa miki a ƙasa."

"Gobe ina da kek ɗin mutane!"

"Ai kafin gobe ya huce."

Ya huce kam. Amma washegari matar da ta karɓi kek ɗin ta bugo waya tana tambaya ko sabon ƙamshi aka fito da shi, don baƙinta sun ce ɗanɗanon sabuwar taya suke ji.

Feshin fenti a tsakar gida aka yi shi, jikin katangar da ta raba mu da Maman 'Yan Biyu. Iska na kaɗawa, na ce ya bari ta lafa, ya ce iska ce ma ke busar da fenti. Ya girgiza gwangwani kamar mai kiɗa, ya shiga fesawa. Ba a jima ba kan Maman 'Yan Biyu ya ɓullo ta saman katanga, riƙe da farar rigar makaranta.

"Maƙwabci! Dubi shanyata! Rigunan yarana sun koma zabi!"

"Maman 'Yan Biyu, taimakonki na yi. Yanzu ba za su riƙa nuna datti ba."

"Allah ya nuna min ranar da zan taimake ka kai ma."

A cikin kowace fitila akwai wani kwano mai walƙiya kamar madubi, wanda ƙwan fitilar ke zama a tsakiyarsa. Na ga ya juya gwangwani kansa.

"Mijin Yaya, a bidiyon fa wannan kwanon bai yi baƙi ba."

"Fentinsa ne ya ƙare, talaka. Ni ba na rabin aiki."

Ya fesa masa har sai da fenti ya fara zuba. Bai jira ya bushe ba ya mayar da murafen ya danne da gwiwa, wai zai bushe a ciki, ina zai je. Da ya gama ɗaurawa, noti sun rage cikin kwanon awon fulawar Yaya. Ya ce kamfani ne ke cusa su don a ga kamar sun yi aiki. Bambar kuwa, tunda ya karya abin da ke riƙe ta, da wayar shanya ya ɗaure ta ta ciki.

Abin haushin, da rana tsaka motar ta yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba. Ta haɗe rai, ido ɗaya a lumshe, kamar tana neman wanda za ta mara. Ya kunna fitila, ƙwayayen suka yi ja a can ciki.

"Kun gani? Ta kama!"

Mai Aski ya tsallako ya zagaya ta, ya taɓe baki ya ce, "Ba laifi." Wannan ba-laifin ya ishi mijin Yaya abinci har dare. Ya sanar da 'yan benci cewa ranar da za a sallamo Baba kowa ya zauna a wurinsa, a gabansu zai nuna masa. Har ya fara maganar buɗe wurin baƙanta fitilu a gefen shagon katifa.

Ranar sallama likita bai samu zuwa da wuri ba, sai da aka yi magariba muka fito. Baba ya fito da baƙin tabarau da aka ba shi, yana ɗaga shi yana leƙen duniya kamar yaro. Ya karanta duk rubutun da ke bangon asibiti da ƙarfi. Ya dubi Yaya ya ce ashe ta yi ƙiba haka ba wanda ya gaya masa. Rabon da in ga Baba cikin irin wannan farin ciki har na manta, sai da na juya na share ido.

Mijin Yaya ya kawo motar ta gefe, ya yi wuf ya buɗe wa Baba ƙofar gaba kafin ya kai ga ganin fuskarta. Ni da Yaya muka shiga baya. A babban titi ba wanda ya lura da komai, don shaguna duk sun kunna wuta. Sai gwanin ya ce cunkoso ya yi yawa, ya san wata hanyar yanke ta bayan makaranta. Muka karya kwana. Hanyar ba fitilar titi ko ɗaya.

Duhu ya rufe mu ruf. Abin da ke fita daga gaban motar bai fi hasken ashana biyu ba. Na ga ƙeyar mijin Yaya ta miƙe, ya matso da fuska jikin gilashi, ya rage gudu har mai tafiya a ƙasa zai iya wuce mu.

"Ɗan nan, ka kunna fitila kuwa?" in ji Baba.

"Tun daga asibiti, Baba."

"To ya nake ganin duhu?"

"Tabarau ne, Baba. Ai baƙi ne."

Baba ya cire tabarau. Ya murza gefen goshi, ya ƙura ido.

"Har yanzu duhu ne."

"Ido ne bai gama washewa ba. Ni ga hanya nan ina gani fes, kamar da rana."

Muka faɗa wani rami, kanmu ya bugi rufin mota.

"Na gan shi," in ji direba. "Na bayansa nake kauce wa."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta mintsine ni a cinya. Mijinta ne, tana so ta rufa masa asiri har mu isa gida. Amma zafin ƙwan fitila ya fara dafa ɗanyen fentin da aka rufe a ciki, yana turara gilashin, ɗan hasken da ya rage ma yana ja da baya. Wani mai babur ya taho daga gaba, ya kusa hawa kanmu, ya wuce yana zagi.

"Haka ya fara min wancan karon," Baba ya ce a hankali. "In ga fitilar wasu, in kasa ganin hanya. Kuma duhun ƙaruwa yake yi. Kai kana gani sosai, ko?"

Mijin Yaya ya ƙara matsa fuska jikin gilashi. "Tar, Baba."

Baba ya ninke tabarau ya ɗora a cinya. Mutumin da ɗazu yake karanta bango yana dariya, yanzu ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana muryar ta karye.

"To, shi ke nan. Ɗazu ashe ɗanɗana min aka yi. Allah bai nufa ba. Na yi maka alƙawari, ɗan nan, ba zan saɓa ba. Motar ta zama taka."

Na jira in ji mijin Yaya ya ce a'a. Wallahi na jira. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya shafa sitiyari.

"Sai haƙuri, Baba. Kowa da irin jarabawarsa. In sha Allahu zan kula da ita kamar..."

"Baba, idonka ƙalau yake!" Yaya ce, da muryar da ban san tana da ita ba. "Fitilun ne ya gasa a obin ɗina ya shafe su da baƙin fenti!"

"Ke! Wace irin magana ce wannan a gaban Baba?" Ya juyo baya gaba ɗaya yana nuna ta da yatsa. "Fenti daban, haske daban! Na ce muku ina ganin hanya t..."

Buf. Motar ta haye tulin yashin wani mai gini, ta kafe hanci a ciki, ta mutu. Daga nan muka ji wayar shanya ta tsinke, bamba ta sauka a hankali ta kwanta.

Kafin mu fito mutane sun taru, kowa da tocilar waya. Baba ya buɗe ƙofa ya sauko da kansa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe yana kallon taurari. Ya juya ya karanta lambar wani babur da ke tsaye can nesa, mai babur ya ce daidai ne. Sannan ya zagaya gaban motarsa, ya ari tocila, ya sunkuya. Fitilun da yake gogewa da man goge baki suna kallonsa, baƙi ƙirin, ɗaya a lumshe.

"Malam, kana yawo ba fitila a duhun nan?" wani ya tambayi mijin Yaya.

"A kunne take! Irin ta zamani ce, ba ta damun na gaba."

"Ai kuwa ba ta dame shi ba, ga yashi nan ko motsi bai yi ba."

Aka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya miƙe ya buɗe wa surukinsa tafin hannu. Mijin Yaya ya zaro makulli ya ɗora masa, wannan karon ma da hannu biyu.

Jama'a suka turo motar daga yashi, aka cusa bamba a but ɗin motar. Likita ya hana Baba tuƙi tukuna, don haka ya miƙo min makullin, tunda shi ya koya min mota. Na ce, "Baba, ni ma fa ba na ganin hanya."

"Za ki gani. Ɗan nan, kawo wayarka. Ke ma Auta, kawo taki." Ya kunna tocilolin biyu ya danƙa masa, ɗaya a kowane hannu. "Wuce gaba. Tunda kai kana gani tar, kai ne fitilar."

Haka muka taho. Mijin Yaya a gaba da ƙafa, hannuwa a buɗe, waya a dama waya a hagu, ni ina bin sa a giya ɗaya. Baba ya sauke gilashi ya fito da kai yana ba da umarni.

"Ta hagu ta yi ƙasa, ɗaga. Ga mai keke nan, rage haske kada ka kashe masa ido. Za mu shiga kwana, sa sigina!"

Fitila ta kaɗa hannun dama sama da ƙasa.

"Auta, kin ga gumin da ke bin ƙeyarsa? Ɗigo-ɗigo nake ganinsa. Kai, likitan nan Allah ya yi masa albarka."

'Yan benci suna nan inda aka ce su zauna, har an ƙaro kujeru. Maman 'Yan Biyu ma tana bakin ƙofarta. Da muka shigo layin aka yi tsit, sai ƙarar takalmin mijin Yaya. Mai Aski ne ya fara miƙewa, ya sa hannu a goshi yana leƙe.

"Ƙaramin-Aiki, wannan ce sabuwar fitilar? Lallai daga nesa mun san akwai mai shigowa!"

"Gwaji muke yi," in ji shi, bai sauke hannu ba.

"Maƙwabci, tsaya haka kada ka motsa," Maman 'Yan Biyu ta ce, ta ɗaga waya. "Ka ce za a roƙi hoto, ga shi ina roƙo."

Wani ya faɗo daga benci don dariya. Na tsayar da motar a ƙofar gida, na kashe, na ba Baba makulli. Ya jefa shi a aljihun gaba ya danne da hannu. Mutane suka yi ta yi masa barka da arziki yana amsawa, yana kiran kowa tun kafin ya yi magana. Sai da ya gama ya juyo kan surukinsa, wanda ke tsaye ƙarƙashin fitilar ƙofa da wayoyi a hannu har yanzu a kunne. Baba ya matso dab da shi, ya kama haɓarsa ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Shekarun nan muryarka kawai nake ji," ya ce, "ina ta yi mata zaton fuskar mai hankali." Ya sake shi, ya juya wajen Yaya. "Ke kuma da idonki biyu lafiya lau, me ya same ki?"